Kano Pillars Da Katsina United: Tare Aka Faɗi, Tare Aka Tashi

Duk shekarar da Kano Pillars da Katsina United suke cikin rukuni ɗaya na gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, akwai ranaku biyu da masu sha'awar wasan a Dutsin-Ma da Kurfi ba su haɗa su da sauran ranaku, watau ranar da United za ta je Kano, da ranar da Pillars za ta zo Katsina. Tun ana saura mako guda ake soma gardama a teburin mai shayi da tashar mota da ɗakunan kwanan ɗalibai, kowa yana kafa hujja, kowa yana cika baki. In ranar ta zo kuwa, wanda ya sami kuɗin mota ya tafi, wanda bai samu ba ya rungumi rediyo.

Ba abin mamaki ba ne a ce gardamar ta fi daɗi a wannan yanki na tsakiyar Jihar Katsina. Mutumin Dutsin-Ma in ya nufi birnin Katsina ta Kurfi zai bi, in kuwa ya nufi Kano sai ya ɓulla ta Kankiya ya kama babbar hanya, kuma ɗan kasuwar da ke saro kaya a Kantin Kwari ya san Ƙofar Mata kamar yadda ya san Ƙofar Ƙaura. Ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa cikin 2011, sun tara ɗalibai da malamai daga jihohi da dama, har da Kano. Bugu da ƙari, wani ɗan Kurfi, Alhaji Aminu Balele Kurfi, ya taɓa riƙe shugabancin Katsina United kafin jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi su zaɓe shi wakilinsu a Majalisar Wakilai cikin 2023. Saboda haka a nan akan sami gida ɗaya, wa yana bayan Pillars, ƙane yana bayan United, su kuma ci tuwo a kwano ɗaya.

To, wannan hamayya tana da tushe, tana da daɗi, tana kuma da amfani. Amma a 'yan shekarun nan ta haifar da abin da ya jawo wa kulob ɗin biyu asara da kunya, kuma ya kamata masu karatu su dubi yadda abin ya faru, domin darasin da ke ciki ya wuce filin ƙwallo.

GASAR TA GIRMI ƘWALLO

Kano da Katsina sun daɗe suna ja-in-ja tun kafin a san wani abu wai shi ƙwallon ƙafa a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka yi yaƙin farko tsakanin garuruwan biyu, aka shekara 11 ana gwabzawa ba wanda ya rinjayi wani. Da a filin wasa ne, da sai a ce an tashi kunnen doki. Bayan wannan an yi ta kai wa juna hari har zamanin Sarkin Kano Kutumbi, wanda yaƙin Katsina ne ya zama ajalinsa cikin 1648. Sai a zamanin Sarki Shekarau, daga 1649 zuwa 1651, malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu.

Da takobi ya koma kube, sai gasar ta koma kasuwa da makaranta. Katsina ta yi fice wajen fatauci da ilmi, daga baya kuma, musamman bayan jihadi, ciniki ya karkata zuwa Kano har ta zama cibiyar kasuwancin ƙasar Hausa. Katsina ta sami kwalejin da ta horar da manyan shugabannin Arewa na farko, Kano ta sami jirgin ƙasa da dalar gyaɗa da masana'antu. Bakano yana taƙama da tumbin giwa, Bakatsine yana taƙama da ɗakin kara, kowa kuma yana ganin nasa ya fi. Amma duk da haka suna auratayya, suna ciniki, suna karatu a gaban malaman juna. Wannan tsohuwar gasa ce 'yan kallo suke ɗauke da ita in sun shiga filin wasa, ko sun sani ko ba su sani ba.

MASU GIDA

Kano tana da tsohon tarihi a ƙwallon ƙafa. Tun cikin 1953 ƙungiyar Kano ta ci kofin ƙasa a Ikko, sa'an nan Raccah Rovers ta zama zakarar gasar rukuni ta ƙasa cikin 1978. Ita kuwa Kano Pillars cikin 1990 aka kafa ta, bayan da aka haɗe kulob uku, watau WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ta ci gasar rukunin farko sau huɗu, cikin 2008 da 2012 da 2013 da 2014, watau uku daga ciki a jere. Cikin 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Cikin 2018 ta sha wani kaye da har yau magoya bayanta ba su manta ba, domin tana gaba da ci 3 a wasan ƙarshe na kofin ƙasa a Asaba, Enugu Rangers ta rama duka, ta kuma ɗauki kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Da shekara ta kewayo, cikin 2019, Pillars ta share hawayenta a Kaduna, inda ta ci kofin bayan ta doke Niger Tornadoes.

Kirarin “Sai Masu Gida” ba a banza ya samu ba. Pillars ta shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar rukuni, sai cikin 2015 Nasarawa United ta karya wannan lago. Daga wannan kulob ne Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai, a nan kuma Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, ya yi shekarun da suka sa yara da dama a Arewa suka so ƙwallon gida. A shekarun da Pillars take tashe, ita ce kulob ɗin da ɗan Arewa yake ɗaga kai da shi in ana maganar Enyimba ko Rangers ko Shooting Stars, kuma Katsinawa da yawa sun kama goyon bayanta a lokacin ba tare da wani ya ga laifinsu ba.

SAU UKU A BAKIN KOFI

Katsina United kuwa cikin 1994 aka kafa ta, shekara 7 bayan da aka yanke Jihar Katsina daga Jihar Kaduna cikin 1987. Ba ta ɓata lokaci ba wajen nuna kanta, domin ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa shekara uku a jere. Cikin 1995 Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta, cikin 1996 Julius Berger ta Ikko, cikin 1997 kuma BCC Lions ta Gboko. Sau uku tana zuwa bakin kofi ba ta ɗauka ba, amma duk wanda ya san wuyar wannan gasa ya san cewa isa can ma ba ƙaramin aiki ba ne. Abin lura kuma shi ne, United ta yi wannan bajinta tun Pillars ba ta ci ko kofi ɗaya na ƙasa ba, kuma wannan ita ce hujjar da dattawan magoya bayanta suke fitarwa in gardama ta yi zafi.

Bayan wannan tashe sai kulob ɗin ya dushe, ya yi shekaru masu yawa a ƙananan rukunai, har aka sauya masa suna zuwa Spotlight. Cikin 2016, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka mayar masa da sunansa na asali, ya kuma hau rukunin farko ya soma wasa a kakar 2017 da laƙabin Chanji Boys. Gidansa shi ne babban filin wasan da a da ake kira Karkanda, wanda aka raɗa wa sunan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Daga nan ne hamayyar ta ɗauki sabon salo, domin matasan da suka tashi ba su da kulob na jiharsu a rukunin farko sun sami nasu, kuma ba abin da suke so kamar su nuna wa maƙwabta cewa su ma sun iso.

INDA WASA YA ƁACI

Kafin a fahimci abin da ya biyo baya, sai a dubi yadda gasar take. Kulob 20 ne suke karawa, kowane ya yi wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Wanda ya ci wasa yana da maki 3, kunnen doki maki 1, kuma huɗun da suka zo ƙarshe su ne suke faɗawa rukuni na biyu. Da yake cin wasa a gidan wani abu ne mai wuya a Nijeriya, sai kowane kulob ya ɗora ransa a kan wasannin gida. Sannu a hankali 'yan kallo suka ɗauka cewa nasara a gida haƙƙinsu ce, ba abin da ake nema da gumi ba. In baƙo ya riƙe wuta aka tashi kunnen doki, sai a ce alƙalin wasa ya ci amana. In kuwa baƙon maƙwabci ne, wanda gobe za a haɗu da mutanensa a kasuwa su yi ta gori, to, abin ya zama biyu.

Cikin watan Janairu na 2020 Pillars ta je Katsina aka tashi kunnen doki. Maimakon a watse lafiya sai rikici ya tashi, aka yi jifa, 'yan wasan Kano suka daɗe a tsare cikin filin kafin jami'an tsaro su fitar da su. Mutanen Kano suka riƙe abin a zuci.

Ran 16 ga watan Afrilu na 2022 United ta zo Kano. Ranar ta kamata ta zama ranar murna, domin Pillars ta daɗe tana buga wasanninta na gida a Kaduna tun bayan da aka mai da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar korona cikin 2020, kuma wannan ne komawarta gaban jama'arta. Filin ya cika ya batse. Amma ana cikin rabi na biyu, ba wanda ya ci wani, sai hargitsi ya ɓarke, aka tsayar da wasa ba a ƙare ba, aka kuma farfasa motar da ta kawo 'yan wasan Katsina. Kamfanin LMC, wanda yake gudanar da gasar a lokacin, ya yanke wa Pillars tarar Naira miliyan 9, ya ba da umurnin a cire mata maki 3, ya kuma tura ta Abuja ta ci gaba da wasanninta na gida a can. Kulob ɗin da ya yi ɗokin komawa gida ya sake zama baƙo bayan wasa ɗaya tak.

Watakila a ranar akwai waɗanda suka yi murna a Katsina, suna cewa alhaki ne. To, murnar ba ta daɗe ba. Da aka rufe kakar wasa ta 2022, kulob huɗu suka faɗa rukuni na biyu, watau MFM ta Ikko da Heartland ta Owerri da Kano Pillars da Katsina United. Maƙwabtan nan biyu da suka ɓata ƙarfinsu wajen ramuwar gayya, rami ɗaya suka faɗa. Cikin 2023 kuma, bayan wasannin neman hawa da aka yi a Asaba, tare suka dawo rukunin farko, su da Heartland da Sporting Lagos.

Da an ɗauki darasi, da labarin ya tsaya nan. Amma cikin watan Oktoba na 2025 wasu 'yan kallo suka kutsa filin Sani Abacha suka far wa alƙalan wasa da 'yan Shooting Stars, bayan da baƙin suka rama ci ana gab da tashi. Hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta cire mata maki 3, ta rufe filin, sa'an nan ta ce ta koma buga wasanninta na gida a wani gari. Garin kuwa shi ne Katsina, filin kuma shi ne na Muhammadu Dikko. Masu Gida suka zama baƙi a gidan abokan hamayyarsu. Ba a yi wata guda ba, cikin Nuwamba na 2025, a wasan United da Barau FC ta Kano a wannan fili, aka ji wa wani ɗan wasan Barau rauni a wuya, ita ma United aka ci ta tara aka kuma raba ta da filinta. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

WA YAKE BIYAN KUƊIN?

A nan ne maganar ta shafi ma'aikacin gwamnati da ɗalibi, ko da ba su taɓa shiga filin ƙwallo ba. Kano Pillars da Katsina United duka mallakar gwamnatocin jihohinsu ne. Albashin 'yan wasa da kuɗin tafiya da na masauki, akasarinsu daga baitulmalin jiha suke fitowa. Saboda haka in an ci kulob tara, ko aka tura shi wani gari ya riƙa biyan kuɗin mota da masauki a kan wasan da ake kira na gida, to, aljihun da ake biyan malamin makaranta da ma'aikacin asibiti shi ne aka taɓa. Yaron da ya ɗauki dutse ya jefi mota yana ganin ya huce haushi, alhali kuwa kuɗin jama'arsa ya jefa a rijiya.

Akwai kuma waɗanda ba a lissafa su in ana maganar hukunci. Ranar wasa ranar kasuwa ce ga mai sayar da ruwa da rake da gyaɗa da tsire a bakin fili, da mai A Daidaita Sahu, da direban da yake cika motarsa daga Dutsin-Ma da Kurfi zuwa Katsina. In an rufe fili, su ne farkon masu jin jiki. Ga kuma yaron da yake buga ƙwallo a filin makarantar firamare yana fatan wata rana ya sa rigar jiharsa. In mahaifinsa ya ga cewa filin wasa wurin jifa ne, ba zai bar shi ya je kallo ba, balle ya yi sana'ar.

Asarar kuɗi ma mai sauƙi ce in aka dubi abin da ya faru a wasu ƙasashe. Ran 9 ga watan Mayu na 2001, a Akra ta ƙasar Gana, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko ya ƙare da jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofofin da ba su wadatar ba, mutum 126 suka rasu a turmutsitsi. Cikin watan Fabrairu na 2012, a Bur Sa'id ta Masar, mutum fiye da 70 suka halaka bayan wasan Al Masry da Al Ahly, aka soke gasar shekarar, aka kuma yi shekaru ana wasa ba 'yan kallo. Duka biyun da ƙaramin abu suka soma, irin wanda muka riga muka gani a Kano da Katsina. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

ABOKIN HAMAYYA BA MAƘIYI BA NE

Ba wanda yake cewa a daina hamayya. Hamayya ita ce gishirin wasan, ita ce take cika fili, ita ce take sa ɗan wasa ya fitar da abin da bai san yana da shi ba. A birnin Gilasgo na Sikotlan, da Rangers ta faɗa rukuni na huɗu cikin 2012 saboda matsalar kuɗi, magoya bayan Celtic sun yi shewa, amma sai da aka shekara huɗu gasar rukunin ƙasar ba ta da babban wasan da duniya take jira, har Rangers ta dawo cikin 2016. Kokawa ba ta yiwuwa da mutum ɗaya, kuma ɗan damben da ba shi da abokin karawa ba mai yi masa kirari.

Kakanninmu sun san wannan, har sun samar masa magani. Wasan barkwanci da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Katsinawa da Nufawa, ko Gobirawa da Yarbawa, hanya ce da aka bi aka mai da tsohon tsami ya zama raha. Kowa ya faɗi son ransa a kan ɗan'uwansa, a yi dariya, amma ba a ɗaga hannu, kuma in baƙo ya zo a ba shi ruwa da masauki. Wannan ita ce hamayyar da ta dace da mutanen da suke da harshe ɗaya da addini ɗaya da kakanni ɗaya, kuma ita ce ake yi kullum a majalisun Dutsin-Ma da Kurfi, inda mai goyon bayan Pillars da na United suke raba kofin shayi. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan hali a shiga da shi fili.

Akwai aiki a gaban hukumomi. Ya kamata a daina sayar da tikitin da ya wuce yawan kujeru, a ware wa baƙi wurin zamansu da ƙofar fitarsu, a kuma tanadi isassun jami'an tsaro tun kafin a soma wasa, su raka motar baƙi har bayan gari. Ya kamata hukunci ya riƙa sauka a kan wanda ya yi jifa da hannunsa, a gurfanar da shi gaban alƙali, domin muddin kulob ne kaɗai yake biyan tara, mai laifi gida zai koma ya yi barci. Ya kamata a kyautata wa alƙalan wasa, a kuma hukunta wanda aka kama da son kai, don jama'a su amince da busarsu. Shugabannin kulob da masu sharhi a gidajen rediyo su ma su auna kalamansu kafin wasa da bayansa, gama abin da babba ya faɗa da baki, yaro da dutse yake ƙarasa shi.

Shugabannin ƙungiyoyin magoya baya na Kano da Katsina kuwa, babu abin da zai hana su zama tare kafin kowane wasa, mai masauki ya tarbi baƙonsa a bakin gari ya raka shi har mazauninsa. In malaman zamanin Shekarau sun iya sulhunta garuruwan da suka yi kusan shekara 200 suna yaƙi da mashi da takobi, to, sasanta 'yan kallon wasan minti 90 bai kamata ya gagari sarakuna da malamai da hukumomin wasanni na jihohin biyu ba.

Ɗalibanmu su ne za su riƙe ofisoshin wasanni da baitulmalin jihohin nan gobe, su ne kuma mafi yawa a kan kujerun fili yau. Su tuna cewa cikin 2022 Pillars da United tare suka faɗi, cikin 2023 tare suka tashi, cikin 2025 kuma ɗaya ta fake a gidan ɗaya. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya, amin.